Wanda sunansa ya ɓaci wajen bashi, yaya zai gyara shi?

Kowace shekara, in bazara ta kama, ƙofar asusun ba da bashi takan cika da mutane. Wani yana neman kuɗin takin zamani. Wani yana son ya sayi iri. Wata tana neman abin da za ta ƙara wa jarinta na man gujiya da ƙuli-ƙuli. Wasu sukan fito da murna. Wasu kuwa sai ma'aikaci ya duba na'ura, ya ɗaga kai, ya ce: «Malam, akwai tsohon bashi a kanka.» Mutum ya koma gida hannu wofi, ga damana ta matso.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, sau da yawa ba a wannan asusun aka ci bashin ba. An ci shi a Maraɗi, shekara uku baya. Yau ga mai shi a Tawa. To, wa ya kawo labari?

Littafin da ke bin mutum

A da, mai ba da bashi da mai karɓa sun san juna. Attajirin gari ya san gonar kowa, ya san rumbun kowa, ya san wanda ke cika alkawari. Wanda ya ci amana a wannan kasuwa yana iya sake wata, inda ba a san shi ba. Yanzu wannan hanya ta fara toshewa.

Ƙasashe 8 ne ke amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisawo, Mali, Senegal da Togo. Babban bankinsu guda ne, wato BCEAO. Waɗannan ƙasashe sun shirya a kafa ofishin da zai riƙa tara labarin masu cin bashi. Nijar ta yi dokar wannan ofishi a shekara ta 2014. Da Faransanci ana taƙaita sunansa a ce BIC. Kamfanin Creditinfo, mai cibiya a Abijan, shi aka ba aikin, ya kuma fara a shekara ta 2016.

Ga yadda abin ke tafiya. Bankuna da manyan asusun ba da bashi suna aika wa ofishin labarin masu hulɗa da su. Ana rubuta sunan mutum da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Ana rubuta nawa ya karɓa, ranar da ya karɓa, ranar da aka yi alkawarin biya, da abin da ya rage. In ya biya a kan kari, an rubuta. In ya makara, an rubuta yawan kwanakin. Doka ta ba kamfanonin wuta da ruwa da tarho damar su ma su kai nasu labarin. Ranar da mutum ya je neman sabon bashi, sai a buɗe wannan littafi a duba.

Ba a ɓoye ake yi ba. Cikin takardun da ake sa wa hannu ranar karɓar kuɗi akwai takardar yarda. Wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kanta ya yarda a kai labarinsa. Mutane da yawa sun dangwala ba su san abin da ke ciki ba, don hankalinsu yana ga kuɗin. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci bai kamata ya yi haka ba. Ko takardar da Faransanci take, yana da ikon ya ce a fassara masa layi bayan layi, kuma ya karanta lambobin da idonsa.

Adashe ba ya cikin wannan littafi. Haka bashin falle da ake biya da dami ran kaka, haka asusun mata na ƙauye. Su nasu littafin yana bakin jama'a, kuma kowa ya san bakin jama'a ya fi na'ura saurin kai labari.

Mene ne maki?

Daga abin da aka rubuta, na'ura takan fitar da lamba guda. Kamar makin da malami ke ba ɗan makaranta ne. Mai biya a kan kari makinsa yana hawa. Mai jinkiri makinsa yana sauka. Mai ba da bashi yana duban wannan lamba kafin ya ce e ko a'a, kafin kuma ya yanke nawa zai bayar.

Wannan dabara ta daɗe a Amurka. Can akwai wani maki da ake kira FICO, wanda aka fara aiki da shi a shekara ta 1989. Yana tashi daga 300 zuwa 850. Masu shi sun bayyana yadda suke lissafi. Cikin kashi 100, kashi 35 na biya a kan lokaci ne. Kashi 30 na nauyin bashin da ke kan mutum ne. Sauran an raba shi ga daɗewar hulɗa, da irin basussukan, da yawan neman sabon bashi. Kowane ofishi da nasa lissafi, amma abu biyun nan na farko su ne ginshiƙi ko'ina: shin yana biya ran da ya ce? Shin kayan da ya ɗauka bai fi ƙarfinsa ba?

A lura da abu guda. Makin ba ya auna dukiya. Mai shanu hamsin da ke wasa da ranar biya yana iya zama ƙasa da mai tallan ƙosai wadda ba ta taɓa makara ba.

Me ya sa aka tsananta?

Dattawa suna tune da zamanin koperatib. An kafa UNCC a shekara ta 1962 don ta taimaki manoma da bashi da sayar da amfanin gona. A shekara ta 1967 aka kafa CNCA, asusun bashin noma. Mutane sun samu garma da amalanke da shanun huɗa ta wannan hanya. Sai fari ya zo a 1973, ya sake zuwa a 1984. Bashi ya taru ba a biya ba. Ba ƙananan manoma kaɗai ke da laifi ba, don akwai manyan ma'aikatu da manyan mutane da suka ci ba su mayar ba. A shekarun 1980 CNCA ta durƙushe. Babban bankin raya ƙasa, BDRN, shi ma an rufe shi a 1990. Daga nan manomi ya yi shekaru bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, sai ta mai falle.

Kuɗin da asusu ke bayarwa ba daga sama suke faɗowa ba. Ajiyar wasu ce. In mutum goma sun ƙi biya, na goma sha ɗaya ba zai samu ba, ko da shi mai gaskiya ne. Littafin nan an yi shi don a raba mai gaskiya da mai cin amana, kada a yi musu kuɗin goro.

Amma ba duk wanda ya makara ne maci amana ba. Akwai wanda fara ta cinye gonarsa. Akwai wanda ragon da ya turke ya mutu saura sati biyu salla. Akwai wanda rashin lafiyar iyali ya cinye jarinsa. Na'ura ba ta san wannan ba, kwanaki kawai take ƙirgawa. Shi ya sa gyara yake hannun mai bashin.

A fara da ganin abin da aka rubuta

Ba a maganin ciwon da ba a gani ba. Doka ta ba kowa ikon ya ga abin da aka rubuta a kansa, kuma sau ɗaya a shekara kyauta ne. Mutum ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa, ya je bankinsa ko asusunsa, ya ce a nuna masa hanyar neman takardarsa daga ofishin BIC.

In ta zo hannu, a zauna a karanta a natse. Sunan daidai ne? Ranar haihuwa daidai ce? Basussukan da aka jera, duk nasa ne? Wanda ya riga ya biya, an rubuta cewa ya biya?

Kuskure yana faruwa, kuma a ƙasarmu yana da dalili. Sunaye suna kama da juna ƙwarai. A kasuwa guda ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ga shi kuma mutanen karkara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya aka rubuta musu 1 ga watan Janairu. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya: da sauƙi a ɗora wa wani kayan wani. Wani lokacin kuma mutum ya biya, amma ma'aikaci bai shigar ba.

Wanda ya ga kuskure yana da ikon ya ƙi yarda. Ya kai kukansa a rubuce, ya riƙe kwafi guda mai hatimi da kwanan wata. Za a bincika wurin wanda ya kawo labarin. In kuskure ne, wajibi ne a gyara.

A nan ne resi ke da rana. Ƴar takardar nan da ake ba mutum in ya biya, wadda wasu ke ƙunshe goro da ita, ita ce shaidarsa. Baki ba ya kayar da abin da ke cikin na'ura, resi ke kayar da shi. A samu gwangwani mai marufi ko leda mai kauri, a adana su inda gara da ruwa ba su kai. Wanda ya biya ta salula kada ya goge saƙon. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga musulmi: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a suratul Baƙara, maganar rubuta bashi da kafa shaidu take yi.

In kuwa bashin gaskiya ne

Wannan shi ne babban wuri, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Mai bashi yakan ji kunya. Ya daina bin hanyar da asusu yake. Ya sake lambar salula. In ya hango ma'aikaci bisa babur, ya shige zaure. Wani ma sai ya tafi cin rani ya ƙi dawowa. Duk wannan ba ya rage ko dala. Kwanaki suna ƙaruwa, tarar jinkiri tana hawa, littafi yana ƙara baƙi.

Abin da ya fi shi ne mutum ya kai kansa tun ba a zo nemansa ba. Mafi kyau ma, tun ranar biya ba ta zo ba. Ya faɗi abin da ya same shi. Ya zo da abin da ya samu, kome ƙanƙantarsa. Ya roƙi a sake masa tsarin biya, a ƙara masa lokaci, a rarraba masa. Ba dole ne asusu ya yarda ba, amma sau da yawa yakan yarda, don shi ma kuɗinsa yake so, ba shari'a ba.

A ɗauki misali. A ce mutum ya karɓi jika 50 don ya turke rago, da alkawarin ya mayar da jika 55 bayan wata shida. Ragon ya mutu. In ya ɓuya, jika 55 suna nan, tara tana bisa. In ya je da jika 15 da ya samu daga sayar da wake, saura jika 40. In aka yarda ya riƙa kawo jika 5 kowane wata, cikin wata takwas ya fita, ko da an ɗan ƙara masa wani abu saboda ƙarin lokacin. Littafi zai nuna ya makara, gaskiya ne. Amma zai nuna kuma ya biya duka. Wajen mai ba da bashi, akwai nisa ƙwarai tsakanin wanda ya makara ya biya da wanda ya gudu.

Sai dai kada a yi alkawarin da ba a iya cikawa. Wanda ƙarfinsa jika 3 ne a wata, ya ce jika 3. In ya ce 10 don a yaba masa, ya sake karya alkawari, ya ɓata sunansa sau biyu. Kuma duk abin da aka shirya a sa shi a takarda, kowa ya riƙe tasa. Ranar da aka gama, a nemi takardar shaidar cewa babu sauran bashi. Bayan ƴan watanni a sake dubawa, a tabbata an shigar.

Wanda ake bi wuri biyu ko uku, ya rubuta su duka a takarda guda: na wa, nawa, yaushe. Ya fara da wanda tararsa ta fi hawa, amma kada ya yi shiru da sauran. Abin da bai kamata ba shi ne a ci bashi nan a biya can. Wannan haƙa rami ne don a cike rami, kuma na biyun kullum ya fi zurfi. Ga shi littafi yana nuna duka. A shekara ta 2014 an sa wa ƙananan asusu iyakar ruwan da za su ɗora, kashi 24 cikin 100 a shekara. Mai ba da kuɗi a bayan fage ba ruwansa da wannan iyaka. Wanda ya je wurinsa don ya rufe bakin asusu ya guje wa ruwa ya faɗa rijiya.

Akwai kuma ƴan damfara. Wani zai zo ya ce yana da hanya, a ba shi jika 10 ya goge suna daga na'ura. Ƙarya ce. Labarin da yake gaskiya ba mai goge shi da kuɗi. Wanda yake kuskure kuwa, gyaransa haƙƙin mutum ne, ba ya bukatar dillali.

Hattara da tsaya wa wani

Mutane da yawa sunansu ya ɓaci ba su ci ko dala ba. Ƙane ko aboki ya zo ya ce: «Yaya, zo ka sa mini hannu kawai.» Wannan hannu ba na gaisuwa ba ne. Wanda ya tsaya wa wani ya ɗauki alkawarin in mai bashin ya kasa, shi zai biya. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta san nauyin abin. Ta ce in mai tsayawa bai iya rubutu ba, sai an kawo shaidu biyu, su tabbatar an bayyana masa abin da ya ɗauka. Kafin a sa hannu, mutum ya tambayi kansa: in ya gudu, ina iya biyan wannan ba tare da na sayar da gona ba?

Haka bashin ƙungiya. In mutum goma sun karɓa tare, kowa ya tsaya wa kowa. Ɗaya ya ƙi biya, an rufe wa tara ƙofa. Kada a sa mutum cikin ƙungiya don kunya ko don surukuta. Kuma kada a ara wa kowa katin ɗan ƙasa ya karɓi kuɗi da shi. Sunan da ke kan katin shi ake bi.

Sake gina suna

Biyan tsohon bashi rabin aiki ne. Tabon ba ya ɓacewa ran da aka biya, yakan yi shekaru ana ganinsa. Abin da ke rufe shi sabon labari ne mai kyau, wanda ake tarawa a hankali.

A fara da ajiya. Mutum ya buɗe littafi a asusu, ya riƙa zuba ko dala ɗari ce kowace ran kasuwa. Ma'aikaci yana ganin wanda ke zuwa kullum. Bayan wani lokaci ya nemi ƙaramin bashi, wanda ya tabbata yana iya biya ko damana ba ta yi kyau ba. Ya biya kafin ranar, kada ya jira ranar, don mota tana iya lalacewa a hanya, ranar kuma tana iya faɗawa Lahadi. Ya yi haka sau biyu, sau uku. Da haka maki ke hawa. Kada kuma a bi asusu huɗu cikin sati guda ana neman bashi. Mai ba da kuɗi in ya ga haka, sai ya ɗauka mutum ya shiga uku ne.

Matan Maraɗi sun nuna hanyar tun tuni. A shekara ta 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jahar. Mata suna haɗuwa kowane sati, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanke, su ranta wa junansu, su biya. Ba su fara da kuɗin kowa ba sai nasu. Yau dabarar ta bazu ƙasashe da yawa. Littafinsu ba ya zuwa ofishin BIC, amma macen da ta saba da shi ta riga ta koyi abin da banki ke nema. Maza da yawa suna da abin koyo a nan.

Ga manomi akwai wata hanya mai sauƙi, wato jinginar da amfanin gona, wadda aka fara yaɗawa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO. Ran kaka hatsi da wake suna araha. Maimakon a sayar, sai ƙungiyar manoma ta tara buhuna a mangaza. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusu. Asusu ya ba da kuɗin da bai kai darajar kayan ba. Manomi ya yi sana'ar rani da su, ko noman albasa, ko turka. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe mangaza, ya ɗauki kayansa a lokacin da galibi tiya ta yi tsada. Tun da kaya suna kulle, asusu ba ya jin tsoro sosai, har wanda ke da tabo yana iya samun shiga ta ƙungiyarsa. Sai dai a sani, akwai shekarar da farashi ba ya tashi. Kada a karɓi abin da ya wuce bukata.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Mai son bashin taki a watan Mayu ba a watan Mayu zai fara gyara ba. Bincike yana cin kwanaki, shigar da gyara yana cin kwanaki. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, sa'ad da rumbu ke cike, wake da gujiya suna hannu. Ran nan mutum ya ware abin biya tun kafin biki da suna su taso. Ya ɗauki katinsa, da resinsa duka, da takardar yarjejeniyar farko. In karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya tafi da wanda ya amince da shi cikin ƴan ajinsu, su duba lambobin tare.